Rigar da Rijiya Ta Rina

Akwai wani mutum mai lambu a wani gari da ke gindin dutse. Ba rago ba ne, wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarsa ya shaida. Kafin kaji su sauko ya riga ya fita, ba ya kuwa komawa gida sai rana ta yi ja. Albasarsa da tumatirinsa sun yi suna har a kasuwannin nesa, shi ya sa ainihin sunansa ya ɓace, yaro da babba Mai Lambu suke ce masa.

A tsakiyar lambun akwai rijiya. Shi ya haƙa ta da hannunsa tun yana saurayi, ya ɗaure bakinta da duwatsu, ya yi mata murfin katako, ya sa kwaɗo. Mabuɗin yana ɗaure a ƙugunsa dare da rana, ko sujada za shi da shi yake tafiya. In ya durƙusa yin addu'a sai ka ji mabuɗin ya bugi benci. Abin da mutumin nan yake so a duniya guda ɗaya ne, rijiyarsa ta zama tasa shi kaɗai, a kuma bar masa lambunsa ya huta.

To, a bayan dangar lambun, ba nisa, akwai tsohuwar rijiyar gari wadda kakanni suka haƙa, kowa yana ɗiba. Hanyar zuwa wurinta ta zagaye ce, mai nisa, saboda haka mata suka riƙa yanke hanya ta kusurwar lambunsa. Inda mace ta bi da tulu, nan akuya za ta bi. Ya gyara danga, a fasa. Ya sake gyarawa, a sake fasawa. A faɗi gaskiya, mutumin nan yana da abin kuka. Ya kai ƙara wurin mai gari ba sau ɗaya ba, kullum amsar ita ce a yi haƙuri, kuma daga a yi haƙuri ba a ƙara yin komai.

Ana nan sai aka yi wata shekara da damina ta ɗauke da wuri. Rani bai yi nisa ba rijiyoyin gidaje suka fara ja da baya. Aka ƙara wa igiyoyi tsawo, aka sake ƙarawa, har guga ya riƙa dawowa da laka. Duk gari ya koma kan tsohuwar rijiya, kusurwar lambun kuwa ta zama kamar hanyar kasuwa. Rijiyar Mai Lambu ce kaɗai ba ta nuna gajiya ba, gama ta fi kowace zurfi.

Mutanen garin suna da wani abu da suka gada, suka kuma riƙe shi gam. Wai kowace rijiya da nata ido, kowane ido kuma rabon gidan da ya haƙa ne. In taka ta ƙafe, idonka ne ya rufe, sai ka je ka binciki kanka. In ta maƙwabcinka tana ba da ruwa, nasa rabon ne, kai dai ka taya shi murna. Mai Lambu ya fi kowa riƙe wannan magana, don ta yi masa daidai.

A cikin wannan hali aka aiko wata mace mai ilimin ruwa da ƙasa, ana ce da ita Malama Bilhatu, don ta bincika abin da ke janye ruwan garin. Ba mai yawan surutu ba ce. Gida gida take bi da wata doguwar igiya mai alamomi, da ɗan ƙarfe a bakinta. Ta yi sallama, ta gaida masu gida, ta zura igiyar safe da yamma, ta duba inda ruwa ya tsaya. Kowa ya buɗe mata rijiyarsa, ban da mutum ɗaya. Da ta zo ƙofar lambu, sai Mai Lambu ya dafa mabuɗinsa ya ce, “Malama, tawa lafiyarta ƙalau. Ki je wurin marasa lafiya.”

Bayan ta daɗe tana awo, sai ta roƙi mai gari ya tara mutane a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Ta ce, “Ranka ya daɗe, iyayena, ga abin da na gani. Ruwan da ke ƙarƙashin garin nan guda ɗaya ne. Yana kwance cikin yashi da tsagogin dutse, daga gindin dutsen can har zuwa fadama. Rijiyoyinku ƙofofi ne kawai da kowa ya buɗe a kansa. Na lura duk ranar da aka yi ban ruwa mai yawa a lambu, kafin yamma rijiyoyin kewaye sun sauka. Ran Lahadi kuwa, da ba a ban ruwa, sai su ɗan tashi.”

Mai Lambu ya miƙe ya gyara riga. Ya ce, “Malama, ki gafarce ni. Lokacin da nake haƙa rijiyar nan ban tarar da kowa a ƙasa ba, daga ni sai gumina. Yanzu da ruwa ya yi wuya ne aka gano ta kowa ce?” Mutane suka kwashe da dariya, har waɗanda rijiyoyinsu suka ƙafe. Taro ya watse ba a tsai da komai ba.

Malama ba ta yi fushi ba, amma abin ya dame ta. A ƙarshen gari akwai wani tsoho marini, sunansa Dogara, hannuwansa sun rine har gwiwa saboda shekarun da ya yi a bakin karofi, wato ramin rini. Ya iya wani irin rini na ado: yakan ɗaure tsakuwa a cikin farin yadi da zare, ya tsoma cikin shuni, in ya kwance sai farin zobe ya fito a inda zaren ya kama. Wurinsa ta nufa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, “Baba, na yi magana ba ta shiga ba. Ni awo na iya, mutanenmu kuwa sai abin da ido ya gani. Ko hannunka zai iya faɗin abin da bakina ya kasa?”

Tsohon ya ce, “'Yata, sake faɗa mini a hankali, kamar kina faɗa wa kakarki.” Ta sake faɗa. Ya dubi karofinsa, ya ce ta samo masa farin yadi mai faɗi.

Ga abin da suka yi. Malama ta sa alama a jikin yadin, kowace rijiya a inda take a gari. Sa'an nan su biyu suka bi gidaje, kowane mai gida ya ɗauko tsakuwa daga bakin rijiyarsa, ya ɗaure ta da hannunsa a wurin da aka nuna masa. Mutane sun ji daɗin wannan, don wasa ne ba ya cin komai. Da suka zo wurin Mai Lambu ya ƙi. Sai Baba Dogara ya tsinci tsakuwa a gindin dangarsa, ya ɗaure masa. Labari ya kai kunnen Mai Lambu, ya zo har marina yana huci, ya ce, “Baba, ina ganin girmanka. Amma in ka kwance ɗaurin nan da sunana, ni da kai ne.” Tsohon ya ce, “To, ɗana. Ba zan kwance ba.”

Aka tsoma yadin a karofi ɗaya, aka fitar, aka sake tsomawa har ya sha shuni sosai. Da ya bushe aka kwance ɗaure-ɗauren, aka rataye shi a reshen tsamiya. Kai, abin ya yi kyau! Shuɗi mai zurfi daga baki zuwa baki, fararen zobba a warwatse, kowane gida da nasa. A gefe guda kuwa ga wani ƙulli da ba a kwance ba, yana tsaye kamar ƙurji. Baba Dogara ya ce, “Ku duba, zobba da yawa, amma karofi ɗaya suka sha.” Mutane suka ce lalle tsoho ya iya aiki. Tsofaffin mata suka shiga gardama a kan zoben wa ya fi girma. Ado kam sun gani, amma abin da adon yake faɗa, kaɗan ne suka ɗauka.

Ba a daɗe ba, wata safiya Mai Lambu ya iske an bar dangarsa a buɗe, awaki sun shiga sun cinye irin albasar da ya yi ta reno don dashe. Ya tsaya a kan fangalin yana kallo, idanunsa suka kawo ruwa. Bai je wurin mai gari ba, gama ya san amsar da zai samu. Ya ce a ransa, “Muddin rijiyar can tana nan, ba ni da hutu. Su nemi wani wuri. Ni dai tawa tana kulle.”

A bayan marina Baba Dogara yakan tara tsohon ruwan shuni da ya gama aiki a cikin manyan tuluna. Ruwa ne baƙi, mai wari, mai kaifin toka, mutane sukan ɗiba su zuba a gindin danga don korar gara. Ranar kasuwar wani gari na kusa, da tsakar rana, sa'ad da gari ya yi tsit, Mai Lambu ya ɗora tulunan a kan jakinsa, ya bi ta bayan gari, ya tuttule su duka a cikin tsohuwar rijiya. Ya mayar da tulunan inda suke, ya wanke hannunsa da yashi da toka, ya koma bakin aikinsa.

Da yamma matan gari suka zura guga, suka jawo baƙin ruwa mai wari. Kuka ya tashi. Ba a tsaya dogon tunani ba, kowa ya san mai wannan launi a garin. Wani ya ce, “Tsohon nan ne da Malamarsa. Sun ga ba mu yarda da zancen yadinsu ba, shi ne suka zuba don su nuna mana.” Magana ta kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Aka tambayi Baba Dogara, ya ce, “Ruwan nawa ne, amma ba ni na zuba ba.” Aka ce to wa ya zuba? Ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa komai ba. Mai gari ya sa ranar da za a zauna, kowa kuma ya riga ya san abin da za a yanke: a rufe marina, tsohon ya bar garin da aka haife shi, Malama ta naɗe igiyarta ta koma inda ta fito.

Mata suka koma tafiya mai nisa zuwa busasshen rafi, suna tonon yashi suna jiran ruwa ya taru. Lambu kuwa ya yi shiru. Ba mace, ba akuya, danga tana tsaye yadda ya bar ta. Abin da ya daɗe yana nema ya samu. Sai dai abinci ya daina yi masa daɗi, in kuma ya hango tsohon daga nesa sai ya sake hanya.

Ana gobe za a zauna, matarsa ta karɓi mabuɗi ta ɗebo ruwa a rijiyar lambu, ta wanke masa farar babbar rigarsa, wadda yake sawa in za shi taro. Da ya dawo cin abincin rana ya ga rigar a kan igiya, sai ya ce, “Yau kuma kin cika bula.” Gama rigar da ya sani fara fat ta koma launin sararin sama.

Matar ta ce, “Maigida, ban taɓa bula ba. Ruwan ne.” Ta ɗauko farar tasa, ta zuba sauran ruwan ta miƙa masa. Ga shi nan, shuɗi-shuɗi, da ɗan warin da hancinsa ya riga ya sani. Ya ajiye tasar. Ta dube shi ta ce, “Rijiyar nan a kulle take, mabuɗi kuma a ƙugunka yake kwana. To, ta ina ya shiga?” Ya kau da kai. Ba ta sake tambaya ba, gama ta daɗe da zama da shi, ta gane da hannunsa a ciki.

Ya bar abincin, ya koma lambu, ya rufe ƙofa, ya kama ɗiban ruwa yana zubarwa. Nufinsa ya kwashe shuɗin duka kafin wani ya gani. Ya ja guga har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Da ruwan ya yi ƙasa sosai, ya ɗaura igiya a gindin mangwaro ya sauka. A can ƙasa, da ɗan hasken da ke shigowa daga sama, ya ga inda ruwan yake tsattsafowa. Daga tsagar dutse yake fitowa, ta gefen da ke fuskantar tsohuwar rijiyar gari, kuma shuɗi ne. Ya sa tafin hannu ya toshe, ruwan ya ɓullo ta tsakanin yatsunsa. Nan ya tsaya cikin laka har gwiwa, ya daɗe bai motsa ba. Shekara da shekaru yana kulle rijiyarsa ta sama, ashe ta ƙasa a buɗe take, kuma ruwan da yake taƙama da shi ta wajen maƙwabta yake zuwa masa.

Washegari da safe ya shiga ɗaki zai shirya. Ya iske matarsa ta shimfiɗa riguna biyu a kan gado, wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, da wadda rijiya ta rina. Ta ce, “Ga su nan, Maigida. Ba wanda ya ga wannan sai ni da kai. In ka sa waccan, bakina ba zai buɗe ba, amma tsohon nan zai mutu a garin da ba nasa ba.” Ta fita ta bar shi. Ya zauna a bakin gado. Ya ɗauki mai ruwan ƙasa, ya ajiye. Ya yi tunanin sunansa, da yadda ake ba shi wurin zama a gaba, da dariyar da ya sa aka yi wa Malama. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kunya kuma ta fi tsoron.

A gindin tsamiya gari ya cika. Yadin yana rataye har yanzu, ba wanda ya kula ya sauke. Baba Dogara yana zaune a ƙasa, Malama a gefensa. Mai gari ya buɗe baki ke nan zai yi magana, sai aka ga Mai Lambu yana ratsa mutane, sanye da riga mai launin sararin sama. Ya zo gaba ya durƙusa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a dubi rigar nan. Kowa ya san ta fara ce. Ba marini ne ya rina ta ba, rijiyata ce, wadda take kulle. Ni na zuba ruwan shuni a rijiyar gari, don in huta da masu fasa mini danga. Na zuba a can, ya fito mini a nan. Baba bai yi komai ba. Malama kuwa gaskiya ta faɗa, na sauka na gani da idona.” Ya kwance mabuɗin daga ƙugunsa ya ajiye a gaban mai gari.

Wuri ya ɓarke da hayaniya. Waɗansu suka ce a kore shi, shi da jakinsa. Matan da ƙafafunsu suka tsage saboda hanyar rafi suka fi kowa ɗaga murya, kuma suna da gaskiya. Sai Baba Dogara ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni dama. Ranar nan ban je kasuwa ba, ƙafa ta hana ni. Ina kwance a rumfa na ga wanda ya ɗauki tulunan. Da na faɗa, da an ce tsoho yana neman wanda zai shafa wa, gari ya rabu biyu. Sai na roƙi Allah ya kawo shi da ƙafarsa, ga shi kuwa ya kawo shi. In kun kore shi, wa zai sauka ya yashe mana rijiya? Duk garin nan ba wanda ya san cikin rijiya kamarsa.” Ya juya ya dubi mutane ya ƙara da cewa, “Kuma yaron nan ya yi ta kuka a kan dangarsa, ba wanda ya saurare shi. Ni ma ban saurara ba.”

Maganar ta taɓa mai gari. Ya tambayi Malama abin yi. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ba a yashe ɗaya a bar ɗaya. In an kwashe ta gari, ta lambu za ta mayar mata. Sai a haɗu a kan duka biyun a rana ɗaya, a yi ta kwasa har ruwa ya fito fari. Kafin nan kada kowa ya sha.”

Haka kuwa aka yi. Aka kira gayya, maza da mata. Mai Lambu da hannunsa ya cire dangar da ke tsakanin rijiyoyin biyu, shi ne kuma ya fara sauka cikin ta gari, inda warin ya fi ƙarfi. Aka yi kwanaki ana kwasa, Malama tana duba ruwan a farar tasa, tana kuma bin rijiyoyin kewaye. Ran da ta ce ya yi, matan suka rangaɗa guɗa har aka ji a bayan dutse.

Daga nan gari ya zauna ya yi shawara. Mai Lambu ya yanki gefen lambunsa ya bayar a yi hanya, samari suka kafa mata danga hagu da dama don awaki. Aka raba lokacin ɗiba, ya rage ban ruwa har damina ta sauka, ko da yake albasarsa ta wannan shekara ba ta yi girma ba. Baba Dogara ya kwashe tulunansa ya kai can ƙasa da gari, nesa da kowace rijiya, gama Malama ta nuna masa shi ma wurin da yake ajiye su bai dace ba. Aka haƙa ramuka a gindin dutse don ruwan sama ya tsaya ya nutse, maimakon ya gudu.

Ranar da aka gama, tsohon ya sa aka sauko da yadin. Ya kira Mai Lambu ya nuna masa ƙullin nan da ya rage, ya ce, “Ɗana, na yi maka alkawari ba zan kwance ba, ban kuwa kwance ba.” Mai Lambu ya durƙusa. Zaren ya bushe ya kama sosai, yatsunsa kuma duk ciwo ne, sai da ya sa haƙori. Tsakuwar ta faɗo a tafinsa. Ya buɗe wurin ya shafe shi da hannu, sai ga farin zobe, bai fi na kowa girma ba, bai kuma fi na kowa ƙanƙanta ba, yana zaune cikin shuɗin da ya kewaye sauran. Mutumin nan da ba a taɓa ganin hawayensa a fili ba ya rufe fuska da hannun rigarsa ya yi kuka. Rigar kuwa bai yarda a mayar da ita fara ba, da ita ya riƙa zuwa sujada har ta tsufa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Ruwan da ke ƙarƙashin gari alherin Allah ne. Ba wanda ya yi shi a cikinmu. Mai haƙa rijiya ya yi wahala, a yaba masa, amma rami ya haƙa, ba ruwa ya halitta ba. Haka yake da ƙarfinka, da iliminka, da amfanin gonarka. Ka yi gumi, gaskiya ne. Amma in ka sauka can ƙasa ka duba da kyau, za ka ga abin yana tsattsafo maka ta wajen waɗansu: uwar da ta goye ka, maƙwabcin da ya ba ka aron iri, wanda ya yi maka addu'a ba ka sani ba.

Ruwan shuni kuwa shi ne muguntar da mutum yake zubawa a rijiyar ɗan'uwansa yana cewa tasa a kulle take. Ƙarya ce, ko gulma, ko rowa, ko ramuwa. Babu kwaɗon da ke tare ta. Za ta bi ta ƙarƙashi ta fito a tukunyar gidanka, 'ya'yanka su sha. Kada kuma mu mai da wannan zancen zuci kaɗai, har ruwan da muke sha ma haka yake. Wanda ya haƙa masai kusa da rijiya, da wanda ya wanke tulun maganin feshi a bakin rafi, da wanda ya kwashe ruwa duka don gonarsa ya bar na ƙasa da shi da ƙishi, duk sun ɗora tuluna a kan jaki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Kada ku ce laifin na mutum ɗaya ne. Garin da ya ji kukan ɗan'uwa ya ce masa a yi haƙuri, ya juya baya, shi ma ya taya shi ɗaukar tulun. In wani a cikinmu yana ta gyaran danga shi kaɗai, mu je mu kama masa tun zuciyarsa ba ta yi baƙi ba.

Malama da marini kuma suna koya mana cewa Allah ya rarraba baiwa don a haɗa. Ita ta san gaskiyar, shi ya san yadda za a sa ido ya gan ta, ba kuwa wanda ya rena aikin wani. Tsohon da ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ya yi shiru, ya kuma roƙa wa mai laifin gafara, kun san wanda yake tuna mana. Ubangijinmu Yesu ya yi mana fiye da haka.

Amma abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne rigunan nan biyu a kan gado. Kowannenmu yana da safiyar da zai tsaya a gabansu. Ɗaya tana rufe asiri, ta bar marar laifi ya ɗauki kaya. Ɗayar tana da kunya, amma ita ce ta buɗe rijiyoyin garin nan, ta kuma mayar wa mutumin da 'yan'uwansa. Ya yi tsammani in ya sa ta ya ƙare, ashe ranar ce aka fara ƙaunarsa. Allah ba ya kwance ƙullin kowa da ƙarfi. Ya riga ya ɗaure tsakuwarka tare da ta sauran, ya tsoma ku a karofi ɗaya, wurinka yana nan a jikin yadin. Kai yake jira ka sa hannu. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciyar kwancewa tun yau. Amin.